Yadda Ake Goge Duwatsun Ado na Yumɓun Roba da Samfefa Har Su Yi Sumul

Duk wanda ya taɓa murza yumɓun roba ya yi dutsen sarƙa ko ɗan kunne, ya gasa, ya bari ya huce, ya san ɗan takaicin da ke zuwa idan ya kai shi bakin taga ya jujjuya shi a haske. Abin da yake gani sumul lokacin yana ɗanye sai ga shi da shatin yatsu, da ɗan tudu a bakin huda, da wani siririn zaren riga da ya lafe a jikinsa. Yawancin masu koyo sukan garzaya su shafa banish, wato man da ke sa abu sheƙi, da zaton zai rufe aibin, alhali kuwa banish ba ya rufe komai, ƙara tona asiri yake yi, domin sheƙinsa yana bin kowane tudu da kowane kwari ya nuna wa ido inda suke. Abin da ke gyara dutsen shi ne guga da samfefa a cikin ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a bi da ƙyalle.

Duk da ana ce masa yumɓu, ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka cuɗa da wani mai da ke tausasa shi da kuma launi, kuma ba ya bushewa a iska sai an gasa shi. Waɗanda suka fi shahara su ne Fimo na kamfanin Staedtler na Jamus, da Premo da Sculpey da Kato Polyclay na Amurka, da Cernit na Beljiyam. Sanin cewa roba ce ake gogewa yana bayyana kusan duk ƙa'idojin aikin: zafi yana sa ta yi laushi, ƙurarta ba abin shaƙa ba ce, sannan launinta ya ratsa har ciki, don haka komai zurfin gugar da aka yi, ja yana nan ja, baƙi yana nan baƙi.

Rabin aikin tun kafin gashi ake yinsa

Minti ɗaya da aka ɓata wajen gyara ɗanyen dutse ya fi minti goma na guga bayan ya yi tauri. Idan an gama siffanta shi, sai a ɗan taɓa garin sitaci na masara da ɗan yatsa a shafa a hankali a jikinsa, shatin yatsun zai baje, garin kuma zai fita da ruwa bayan gashi. Ƙura da zare kuwa, auduga da aka jiƙa da sifirit tana ɗauke su. A lokacin hunturu wannan ya zama dole, domin ɗanyen yumɓu yana kama ƙura kamar ƙaro, musamman fari da mai garai-garai, kuma duk wanda ya bar aikinsa a buɗe ya tafi salla zai dawo ya tarar ya sauya kala. A kife masa kwano ko roba mai tsabta duk lokacin da za a tashi.

Gashin kansa shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane aiki ba tare da sun sani ba. Kowane kamfani yana rubuta zafin da yumɓunsa ke bukata a jikin leda: Fimo digiri 110 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, Premo digiri 135 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6, Kato kuma digiri 150. Lambar da ke jikin maɓallin obin ba abin dogaro ba ce, musamman ƙananan obin na lantarki da zafinsu ke hawa da sauka, saboda haka a sayi ma'aunin zafi a ajiye a ciki kusa da duwatsun. Dutsen da bai gasu ba yana liƙewa a jikin samfefa kamar cingam, ba ya yin sheƙi komai gogewa, kuma yana iya tsagewa daga bakin huda. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a gasa wani siririn falle tare da duwatsun. Idan ya huce aka lanƙwasa shi ya karye kamar biskit, to da saura. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi ba a yi asara ba, domin ana iya maimaita gashin wannan yumɓu sau da yawa, sai dai a sake ƙirga lokacin daga farko. Abin da ba a so shi ne zafin ya wuce kima har ya ƙone, saboda hayaƙin ƙonanniyar PVC yana cutar da ido da maƙogwaro.

Kafin a taɓa samfefa kuma, a tambayi kai ko wannan dutsen na guga ne. Duk adon da ke zaune a saman fatar dutsen kawai, kamar garin ƙyalli da aka barbaɗa, ko fenti, ko siririyar takardar zinare, ko hoton da aka manna, samfefa za ta share shi a shafa biyu. Haka ma dutsen da aka yi wa zane mai tudu da kwari da gangan. Waɗanda guga ke fito da kyawunsu su ne masu zanen da ya ratsa ciki, irin waɗanda aka yanko daga sandar yumɓu mai fure a tsakiya, da masu launuka hawa-hawa da aka fere, da yumɓu mai garai-garai wanda ke komawa kamar dutsen gaske idan ya sha guga.

Samfefar da ta dace

Samfefar kafinta, mai ruwan ƙasa ko ja, ba ta wannan aikin ba ce. Ta yi kaushi da yawa, kuma da ta ji ruwa sai yashin ya zube, takardar ta narke. Wadda ake nema ita ce samfefar ruwa, baƙa ko mai ruwan toka, wadda masu fentin mota ke goge jikin mota da ita kafin feshi da bayansa. Saboda haka wurin masu sayar da fentin mota za a nufa, ba wurin masu kayan katako ba. A bayan kowane falle akwai lamba, sau da yawa da harafin P a gabanta, kuma ƙa'idar ita ce, gwargwadon girman lamba gwargwadon laushin samfefa. Ƙwayar yashin P400 ta kai wajen maikiron 35, ta P800 wajen 22, ta P1200 wajen 15, ta P2000 kuma wajen 10, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ma'anar wannan ita ce kowace samfefa karce take yi, sai dai kowace karcenta ya fi na wadda ta gabace ta ƙanƙanta, har a kai inda ido ba ya iya ganinsa. Aikin lamba 600 shi ne share karcen 400, aikin 800 shi ne share na 600, haka har ƙarshe. Wanda ya tsallaka daga 400 zuwa 1200 don gudun wahala zai samu dutse mai sheƙi da karce kwance a ƙarƙashin sheƙin, domin 1200 ba ta da haƙorin da za ta ci har ta kai ƙasan ramin da 400 ta bari.

Jerin da nake amfani da shi shi ne 400, 600, 800, 1000, sai 1500 da 2000 idan dutsen baƙi ne ko mai garai-garai. Ina ajiye 320 a gefe don dutsen da ke da tudu sosai ko wanda nake son sauya masa siffa, amma ba na fara aiki da ita haka kawai, saboda karcen da take bari yana da wuyar fita. Akwai kuma wasu 'yan sosuna masu suna Micro-Mesh da lambobinsu ke tashi daga 1500 zuwa 12000. Suna da kyau ƙwarai ga duwatsu masu zagaye, sai dai lissafinsu daban ne, 1500 ɗinsu ya fi kusa da 400 ko 600 na samfefar mota, don haka kada a gauraya lambobin biyu.

A yanka kowane falle gida takwas ko fiye, kuma nan take a rubuta lambar a bayan kowane yanki da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Wannan ƙaramin abu ne da kowa ke rainawa sai ranar da ya tarar da yankuna shida baƙaƙe a cikin kwano, babu lamba a bayan ko ɗaya, yana shafa su da yatsa yana ƙoƙarin bambance 800 da 1000.

Gugar kanta

A zuba ruwan sanyi a roba mai faɗi, a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya, a jiƙa samfefar na 'yan mintoci har ta yi laushin lanƙwasawa. Ruwan yana aiki uku: yana kama ƙurar roba kada ta tashi a shaƙa, yana wanke garin da ke toshe idon samfefa, yana kuma hana dutsen ɗaukar zafi. Sabulun kuwa yana sa samfefar ta riƙa zamewa maimakon ta riƙa cijewa.

Yadda za a riƙe ya danganta da siffar abin. Idan shimfiɗaɗɗe ne, kamar fallen ɗan kunne ko abin da ake ratayawa a tsakiyar sarƙa, sai a shimfiɗa samfefar a kan tayil ko gilashi, a ɗora abin a kai a riƙa zagayawa da shi, a kuma riƙa juya shi a hannu bayan kowane ɗan lokaci, domin yatsa ɗaya kullum ya fi sauran danna wa, kuma idan ba a juya ba gefe ɗaya zai fi sirancewa. Idan fallen ya yi siririn da ba ya kamuwa, a manna masa salatif a baya a bar ɗan kunne a tsakiya ya zama mariƙi. Dutse mai zagaye kuwa ba a goga shi a kan abu mai tauri, saboda zai fito da fuska-fuska kamar goro; sai a sa samfefar a tafin hannu a ɗan dunƙule ta yi kwari, ko a ɗora ta a kan soso, a riƙa mirgina dutsen a ciki ba tare da an bar shi ya tsaya a wuri ɗaya ba. Ƙananan duwatsu a soke su a tsinken tsire ko tsinken sakace, a riƙe tsinken a riƙa murzawa.

Ba a dannawa da ƙarfi. Yashin ne ke ci, hannu jagora kawai yake yi, kuma danna wa da ƙarfi yana tsinke ƙwayoyin yashi su yi yawo a ƙarƙashin dutsen suna tsaga shi.

A lamba 400 ne ake yin aikin gaske, kuma a nan ya kamata a ɓata fiye da rabin lokacin. Bayan an goga na minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye dutsen, a share shi da ƙyalle ya bushe sarai, sannan a duba shi a hasken rana ko na fitila ta gefe. Jiƙaƙƙen dutse maƙaryaci ne, ruwa yana cike karce ya nuna komai ya yi daidai. Idan ya bushe za a ga inda samfefa ta ci ya yi fari-fari ya dushe, amma nan da can akwai 'yan tsibirai masu ɗan sheƙi, wasu kamar ƙwayar gero, wasu da layukan shatin yatsa a cikinsu. Waɗannan su ne kwarurrukan da samfefa ba ta kai gare su ba tukuna. Ba a barin 400 sai tsibirin ƙarshe ya ɓace, dutsen ya dushe baki ɗaya daga huda zuwa huda, domin duk aibin da ya tsira a wannan mataki zai raka dutsen har wuyan mai shi. Lambobin da ke sama ba sa gyara siffa, karce kawai suke sharewa, shi ya sa kowace daga cikinsu ba ta cika wuce rabin minti zuwa minti ɗaya a kan dutse matsakaici ba.

A kan shimfiɗaɗɗen abu akwai dabarar da ke nuna lokacin wucewa gaba: a goga 400 a tsaye, 600 a kwance, 800 a tsaye, haka nan ana sauyawa. Muddin ana ganin layukan tsaye bayan an koma gugar kwance, to ba a gama ba. Tsakanin kowace lamba da ta gaba a ɗauraye dutsen da hannu, a kuma sauya ruwan, ko a tanadi wata roba daban ta ɗauraya, domin ƙwayar yashi ɗaya ta 400 da ta ɓuya a cikin huda ta isa ta ɓata aikin 1500. Idan duwatsun suna da yawa, a gama da su duka a lamba ɗaya, ana jefa wanda aka gama a wani kwano, kafin a ɗauko ta gaba. Yin haka ya fi sauri, kuma yana hana mantuwar wanda aka yi da wanda ba a yi ba.

Sai a kula da yatsu. Ranar da na fara goge ƙananan duwatsu talatin da uku na carbi a zama ɗaya, ban ji komai ba saboda sanyin ruwa, sai da na shiga madafa na kama yanka attarugu sannan na gane cewa samfefar ta cinye fatar babban yatsana da manuni, ta kuma rage mini farce ta gefe ɗaya. Tun daga ranar nake naɗe yatsun biyu da filasta kafin in fara. Mai yawan irin wannan aiki, kamar wanda ke yin carbi mai casa'in da tara ko jigida, yana iya neman injin gangar nan mai juyawa da ake goge duwatsun ƙasa da shi, ya zuba duwatsun da ruwa da yankakkiyar samfefa ya bar shi yana juyawa na sa'o'i ga kowace lamba. Yana rage wahala a kan duwatsu masu zagaye, amma yana cinye kusurwa, kuma ba ya cire tudu babba, wannan sai hannu.

Bakin huda wuri ne da ake yawan mantawa. Tsinken da aka huda ɗanyen dutse da shi yana turo ɗan leɓe a inda ya fita, wanda ke hana duwatsu zama daf da juna a zare. A kwantar da shi da 400 tun farko, sannan a sa bakin injin huda na milimita 1 ko 2 a murza da yatsu don share cikin hudar. Gefen ɗan kunne da na awarwaro kuma a ɗan kashe masa kaifi ta hanyar karkata shi a bi da samfefa sau biyu ko uku, saboda guga a kan tayil tana barin baki mai kaifin da ke karce wuya ko ya ja zaren mayafi.

Fito da sheƙi

Dutsen da ya fito daga samfefar ƙarshe yana da santsi a hannu kamar sabulu, amma a ido ya dushe, har mai koyo ya ɗauka ya ɓata shi. A fara wanke shi da tsohon buroshin haƙori don fitar da farin garin da ya maƙale a huda da lungu, a bari ya bushe. Idan baƙin dutse ya ci gaba da nuna fari-fari, mayar da shi obin na minti goma a zafinsa na gashi yakan dawo masa da launi. Daga nan sai a samu tsohon wandon jins ko farin ƙyallen auduga, a shimfiɗa a cinya, a riƙa goga dutsen da sauri har ya ɗan yi ɗumi a hannu. Cikin minti ɗaya ko biyu launin zai zurfafa, wani sheƙi mai taushi ya fito, irin na tsohon carbin da ya daɗe a hannu. A ganina wannan sheƙin ya fi dacewa da yawancin duwatsun wuya, kuma wanda zai tsaya a nan bai bukatar wuce 800 ko 1000.

Mai son sheƙi irin na gilashi sai ya koma ga inji, ko dai ƙaramin injin hannu irin Dremel ko injin wasa wuƙa da aka cire wa dutse aka sa masa faifan ƙyalle. Faifan ya zama na auduga mai laushi wanda ba a ɗinke fallayensa ba, kuma ba a shafa masa man goge ƙarfe, haka nan busasshe ake amfani da shi. Ƙananan faifai masu tauri da ke zuwa a cikin akwatin injin hannu suna ƙona yumɓu su yi masa rami cikin ƙiftawar ido. A riƙe dutsen a ƙasan tsakiyar faifan, a bar bakin ƙyallen kawai ya riƙa shafarsa, a kuma riƙa motsa shi ba tsayawa, domin daƙiƙa biyu a wuri ɗaya sun isa su narkar da fatar. Injin yana fizge dutse ya yi jifa da shi, don haka a soka shi a tsinke mai ƙarfi ko waya, a sa tabarau, a ajiye kwali a baya ya tare. Mafi muhimmanci, a ɗaure ɗankwali tamau, a cire mayafi ko hijabi mai lilo, a naɗe hannun riga, saboda duk abin da ke juyawa da wannan gudu yana naɗe ƙyalle kafin mutum ya kai hannu ga maɓalli.

Ba kowane yumɓu ne ke amsa guga iri ɗaya ba. Kato da Premo da yumɓu mai garai-garai suna ɗaukar sheƙi sosai, shi kuwa Sculpey III komai aka yi masa iyakarsa santsi da ɗan haske kaɗan, don haka kada mutum ya zargi hannunsa.

Banish yana da wurinsa, wato kare adon da ke saman fata, irin wanda aka ce ba a gogewa. Idan za a shafa shi a kan gogaggen dutse, a tsaya a 400 ko 600, a share da sifirit, kada a goge da ƙyalle, domin yana bukatar ɗan kaushin da zai kama. A kan dutsen da ya sha inji yakan ɓare kamar fatar albasa. A nemi mai narkewa a ruwa, a shafa siriri sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Fentin farce da yawancin banish na feshi ba sa jituwa da man da ke cikin yumɓun, kuma sharrinsu ba ya bayyana nan take, sai bayan makonni ko watanni dutsen ya fara danƙo yana kama ƙura, lokacin kuwa wataƙila an riga an sayar da shi.

Ruwan da aka yi guga a ciki a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a kwashe farin laka na ƙasa da takarda a jefa a shara, tunda garin roba ne, bai kamata ya bi kwata ko ya shiga inda kaji ke sha ba. Samfefar kuma a ɗauraye a shanya, za ta sake aiki sau da yawa; idan aka shafa 400 aka ji ta yi sulɓi, ta gama ci, a ɗauko sabon yanki maimakon a mayar da ita madadin 800, domin tsohuwar samfefa ba ta mutuwa bai ɗaya, akwai sauran manyan ƙwayoyi nan da can. Dutsen da aka goge ba tare da banish ba, idan ya dushe bayan watanni saboda gumi da man shafawa da turare, sai a wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, a shanya, a sake bi da jins na minti ɗaya. Idan kuma ya samu karce mai zurfi, a koma 600 a kan wurin da kewayensa, a hau lambobin kamar yadda aka yi da farko.